Duwatsun Kan Kifi

Abin ya faru bayan an karya darajar sefa, kafin gobarar kasuwar Treichville, shekarar da na sayi kwanjilate na biyu, wato firiza, don sana'ar ƙanƙara da bisap, zoɓo ke nan. Muna unguwar Bromakoté a Abidjan a lokacin, gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida.

Autata ta gama jami'a, ta ce wai da saura. Sauran kuwa karatun halittun teku ne, na sama da wanda ta yi. Mu mutanen Maraɗi ne, kakanta har ya koma ga Allah bai ga ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Alhaji, ubanta, ya daɗe yana jan ƙafa, daga baya ya ba ta wa'adi zuwa babbar Sallar baɗi. In ba ta gama ba ta ajiye, ta zo ta zauna masa a shago. Matan gidanmu suka laƙaba mata 'yar kifi. Ni dai in an tambaye ni, cewa nake yi teku take karantawa, in wuce in bar mutum da baki buɗe.

Kullum da safe takan hau bas ta sauka tashar Gare de Bassam, ta taka zuwa inda suke bincike. Sau ɗaya a wata kuma ta je bakin tashar jiragen kamun kifi, ta zaɓi wani kifi da ake ce wa soso, ta auna, ta rubuta. Sai ta haɗa wata goma sha biyu cif, in ɗaya ya faɗi a jira zagayowarsa.

Wata Juma'a ta dawo da buhu, ta ce hutu ne an rufe wurin nasu, ta tura shi can ƙasa cikin kwanjilate ta fita. Daga baya ta ce ta gaya mini kar in taɓa. Mai yiwuwa ne, ina wajen famfo ana ta surutu.

Washegari sai ga 'yan uwan Alhaji daga Maraɗi, mutum tara, ba sanarwa. Na buɗa kwanjilate na ga soso manya manya, na sa wa yarinyata albarka. Na soye su tas, na aika aka sayo acheke, dambun rogon nan da ake ci da kifi. Baƙi suka ci har suna cewa Abidjan ta yi.

Da la'asar ta shigo, ta ji ƙanshi tun daga zaure, ta nufi kwanjilate da gudu. Sai ta zauna a ƙasa, da takalminta da komai.

"Inna, kin soya mini watan Yuni."

"Ai kifi na soya, 'yar nan."

"Shekara ta tafi, Inna. Shago zan koma."

Ta yi bayani tana share hanci. Ashe a cikin kan kifi akwai wasu 'yan duwatsu biyu farare, su take yankawa ta duba a madubin likita, ta ƙirga shekarun kifin. Duwatsun nan shekara talatin ina tofar da su a gefen kwano, ban san karatu nake tofarwa ba.

Na ce ta tashi ta buɗe wancan kwanjilaten. Mutanen Maraɗi ba su iya cin kai ba, ɓata shi suke yi, don haka ban taɓa ba baƙo kan kifi ba. Na yanke su duka na ɓoye wa kaina don miya. Ga su nan cikin roba, kowanne da zarensa a baki da 'yar takarda mai lamba, don na ɗauka shaidar mai sayarwa ce, na bari sai na zo wanki. Guda ɗaya ne na riga na dafa na ci, shi ma duwatsunsa da zarensa suna cikin kwanon da ba a wanke ba.

Ta fito da wasu 'yan almakasai da hantsaki, tana fama da kai ɗaya kamar mai kaciya. Na ce miƙo mini nan. Wuƙar kicin, sara ɗaya bayan ido, in murɗa, dutse ya faɗo. Kafin magariba mun gama. Ƙwan cikinsu dai ya tafi cikin baƙi, ta ce wannan za ta san abin da za ta gaya wa farfesanta. Tun daga ranar, kowane wata ni ke fasa mata.

Ta gama saura mako uku Sallah. Ranar da ta tsaya gaban malamai na sa shadda na zauna a layin gaba. Faransancinsu ban kama ko rabi ba, amma da aka haska hoton dutse a bango na gaya wa na kusa da ni cewa ni na ciro shi. Alhaji bai sake zancen shago ba.

Alhaji ya rasu lokacin rikicin ƙasar, farfesan ma na ji ya rasu. Cikin baƙin nan tara saura ƙanwarsa ɗaya, har yau in mun yi waya sai ta tambayi kifin nan. Sai autar tawa, da ɗalibanta ke ce wa dokta, sai ni. Kan kifi kuwa har gobe nawa ne a gidan nan.