Motar Kawu Bayan Ta Dawo Daga Kano

Kawuna mai sayen gyaɗa ne a Kankia. A shekarun da Turawa ke ta haɗa kayansu ya sayi wata baƙar mota a hannun wani likita da zai koma ƙasarsu. Ni nake tuƙa shi in za shi Kunduru ko Tafashiya duba awo, don haka na san motar nan ciki da waje.

Doguwa ce, mai nauyi. In ka rufe ƙyaurenta ba ka jin ƙarar gwangwani, sai wani ɗan "dim" kamar an sauke buhun gero. Allon gabanta katako ne na gaske, da ƙaramin agogo a tsakiya. Sitiyarin fari ne, ya ɗan yi duhu inda hannu ke kamawa. Kujerun jar fata ne, sun yi laushi, sun yi tsage-tsage kamar tafin hannun tsohuwa. Fentin rufin ya dushe, amma Kawu bai yarda kowa ya taɓa ba. Cewa yake, wanda ya ƙera ta ya fi mu sanin abin da ya dace da ita.

Da ya rasu, motar ta faɗa rabon babban ɗansa, taubashina, wanda a lokacin ya zama ɗan kwangila, arzikin man fetur ya fara biyo ta kansa. Ya ce zai kai ta Kano gyara. Na ɗauka inji yake nufi.

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Kusada na sake ganinta. Muna zaune a ƙofar gida, an gama raba goro, sai muka ji wata oda tana rera waƙa daga nesa. Mota ta tsaya, taubashina ya fito yana gyara babbar riga. Sai da na kalli fitilun sannan na gane ta. An yi mata fenti ruwan ɗorawa mai ƙyalli, har ya ɗiɗɗiga kan farin ƙarfen gabanta ya bushe a haka.

Na leƙa ciki. An ɗaye fatar kujerun, an sa koren karammiski, an lulluɓe shi da leda. Katakon nan an manna masa farin gashin roba. Inda agogo yake an sa zarto an faɗaɗa, an cusa rediyo mai kaset.

Na ce, "Ina fatar?"

Ya ce, "Na bar ma masu garejin, wai za su yi takalma."

"Agogon fa?"

"Wa ke duba agogon mota, ga na hannu?"

Na ce, "Wallahi ka ɓata ta. Ka mai da dattijuwa 'yar talla."

Wuri ya kaure da dariya, don kowa ya ɗauka wasan taubasai ne. Shi ma ya dafa kafaɗata ya ce, "Ku ji bawana da baƙin ciki!" Na sake faɗa, fuskata a ɗaure, aka ƙara fashewa. Wani tsohon malami, abokin Kawu, shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya leƙa, ya ce Allah ya jiƙan mai ita, ya koma kan buzunsa.

Bayan la'asar taubashina ya matsa sai na tuƙa mu zuwa Kankia. Na shiga. Leda ta manne mini a baya saboda gumi, warin gam da na wani turare mai hawa kai suka cika mini hanci. Ba mu ko fita gari ba na kasa jurewa. Na tsaya, na miƙa masa makulli, na ce ya tafi. A bayan wata motar awaki na koma gida.

Damina biyu fentin ya fara ɓarewa. Ya sayi sabuwar mota, ita kuma ya sayar wa wani da ya yanke bayanta yana kai itace kasuwa. Sau ɗaya na gamu da ita a hanyar Kaikai, na kau da kai har ta wuce.