Maraƙin da Ya Fi Ƙugun Uwarsa

Shekarun baya can, ina koyar da darasin noma a wata sakandare kusa da Malumfashi, na kamu da ciwon masu ɗan karatu: kowa na gani a gidanmu, sai in ga ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Baffana, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da shanun gidan. Fararen Bunaji ne, masu baƙin kunne da baƙin hanci, kuma yana iya jero maka uwayen kowace saniya har kaka ta biyar. A majalisar bayan la'asar kullum gardama ɗaya ce. Masu kiwon turke na Funtua su ce nama ake ci, ba asali ba. A haɗa da irin shanun Turai a samu sa mai cika mota. Baffa ya ce ruwa-biyu ba ya jure kaska, ba ya jure rani, kuma dabbar da sai ta shanye buhun angurya kafin ta miƙe baƙuwa ce, ba saniya ba.

"Baffa, duniya fa ta ci gaba," in ce masa.

"To, Malam, in ta isa inda za ta, ta aiko mana."

Malam ɗin nan ba na girmamawa ba ne.

A garken akwai wata karsana tawa. Daga saniyar da kakata ta ba ni ranar sunana ta fito, kuma bayan ɓarayin shanu sun ziyarce mu, ita kaɗai ta rage a wannan zuriyar. Baffa ya ware mata wani matsakaicin bijimi, domin a wajen makiyaya ba a fara karsana da ƙato, sai ta yi haihuwar fari ƙugu ya buɗe. Ni kuwa na jefa wannan a kwandon camfi.

Ina da aboki malamin dabbobi, mai yi wa shanu baye da allura. Ranar da karsanar ta nemi bijimi ta faɗo daidai ranar kasuwa, Baffa ya tafi kara, kasuwar shanu. Na kira abokina. Ya zagaya ta, ya dafa ƙugunta, ya ɓata fuska.

"Wannan ba ta taɓa haihuwa ba ko? Ka bari ta yi ɗaya tukuna. Irin da na zo da shi ƙato ne fa."

"Au, kai ma ka shiga makarantar Baffa? Tawa ce, yi aikinka."

Ya yi.

Da yamma na faɗa wa Baffa, da muryar mai karanta sakamakon jarrabawa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Wata tara yana ware mata harawa da dusa, yana shafa cikinta yana girgiza kai.

Da hantsi ta fara naƙuda. Har azahar kofato biyu ne kawai a waje, kowanne kamar na maraƙi ɗan shekara. Abokina yana can wajen Matazu, ya ce ga shi nan. Muka ɗaura igiya, mu huɗu muna ja, tana kuka irin wanda ban taɓa jin saniya ta yi ba. Daga baya ta daina, ta shimfiɗa wuya a ƙasa. Shirun ya fi kukan muni.

Baffa ya wanke hannu, ya shiga ɗaki, ya fito da wuƙa. Ni ya miƙa wa.

"Maza, kafin ta zama mushe."

"Baffa, ban taɓa yanka abin da ya wuce rago ba."

"Ai taka ce, Malam."

Na yi bisimilla na yanka, idonta a buɗe. Mahaucin unguwarmu ya farke cikin nan take, ya zaro maraƙi ja, namiji, yana numfashi. Babur ɗin abokina ya shigo ana fiɗa.

Maraƙin ya rayu da nonon wata saniya, ya kuma girma yadda aka yi alkawari. Mutanen Funtua suka riƙa zuwa kallo, wasu har da roƙon a ba su aro ya baye musu shanu. Rannan na dawo daga makaranta na tarar Baffa ya sa an dandaƙe shi.

"Wanda ya kashe uwarsa tun bai ga rana ba, ba zai hau 'yar kowa ba," in ji shi.

Wannan karon ban ce nawa ba ne.

Baffa ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Gardamar tana nan a majalisa, kuma har yau ina ganin haɗa iri yana da amfani in an bi shi da hankali. Sai dai ba na sa baki. A garkenmu babu ko ɗaya da zai ci gaba da zuriyar saniyar kakata, kuma hannun da nake riƙe alli da shi ne ya yanke ta.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya na gano shi. Gargaɗin Baffa yana cikin littafin da nake koyarwa da shi: kada a ba karsana babban iri a cikin fari. Layi biyu ne kacal, a babin da ba mu kai ba a wancan zangon.