Ƙofar da Na Bari a Jikin Manhaja

Ofishinmu wani tsohon gida ne a Nassarawa GRA, mu biyar a falo ɗaya muna rubuta wa makarantu da kantuna manhaja. Yadda muke aiki a da ba ya faɗuwa a gaban mutane: in sabon aiki ya zo, sai a kwafi na baya a filas, ɗan abin nan na ajiya da ake soka wa kwamfuta, a bi ana goge sunaye. Rannan muka kai wa wata makaranta tata, ana buɗewa ta yi musu maraba da sunan kantin magani. Ni aka aika, ni na sha kunyar.

Haushin wannan ya sa na zauna na haɗa manhajar da za ta riƙa fitar mana da sauran. Ka gaya mata irin aikin, ta kafa maka harsashinsa, in ka gama ta ƙunshe shi yadda za a ɗora a kwamfutar mai shi. Na kuma ɓata sati uku ina bar mata ƙofa, wato wurin da kowa zai rubuta ƙarin da yake so ya jona, ba tare da ya taɓa cikinta ba.

Maigidanmu na ofis bai ga amfanin ƙofar ba. Ya ce, "Malama, ke dai akwai son wahala. In wata ya ƙare ba ta yi mana rana ba, a ajiye ta." Ranar ko abinci na kasa ci.

Ana saura kwana biyar watan ya ƙare, sai ƙanwata ta haihu a Gumel, na tafi. Ashe ina can wata Hajiya mai Islamiyya a Badawa ta dawo da aikin da muka yi mata. Lissafin kwanan Hijira na manhajar ya saɓa da ganin wata da kwana ɗaya, ita kuwa ta rantse ba za ta raba wa iyaye takardar sakamako a haka ba.

Ban ji labarin ba sai da na dawo. Na tarar wani abokin aikina, wanda ya fi kowa yi wa ƙofar dariya, ya rubuta ɗan ƙari mai bari a gyara ranar da hannu in an sanar da ganin wata. Ya jona ta ƙofar nan, ya ƙunshe, direban ofis ya kai mata. Hajiya har da aiko da dambun nama, kuma ba su rage mini ba. Maigida ya leƙo ya ce gobe in koya wa sauran.

Na ce da abokin nawa, "Don Allah me ya hana ku kira ni?"

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Mu kira ki ki yi mana me?"

Wallahi ba a taɓa faɗa mini maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.