Dattijon da Wayarsa Ta Tsufa

A rumfar masu gyaran waya ta Terminus, wani dattijo sanye da kwat mai goge-gogen wuya yana riƙe da wayarsa da hannu biyu. Ina jin tsohon ma'aikacin gwamnati ne, don shafin intanet na tantance 'yan fansho yake son buɗewa, wayar ta ƙi.

"Baba, an daina sabunta manhajar shiga intanet ta irin wannan wayar," in ji mai gyaran. "Ko ta buɗe, ɓarayi za su iya shiga. Sai dai sabuwa."

"Jibi za a rufe, ɗana. Kuma ita kaɗai na iya. Marigayiya matata ce ta koya mini."

Yana sake danna shafin. Jama'a suna bangazarsa suna wucewa, shi kuwa yana nan tsaye, yana jiran farin gilashin ya canja.