Kawu Ɗanlami da Takardun Ingila

Duk wanda ya san Kawu Ɗanlami na Dandamisa ya san ba ya karɓar takarda sai ya shinshina ta. Ta haraji ce ko ta asibiti, sai ta biya ta hanci. Ranar da na kawo masa shaidar digirina, 'yan shekaru bayan mulkin kai, ya shinshina, ya miƙo mini, wai shekara huɗu ina Zariya amma abin ko ƙanshin tawada babu. Haka ƙanen mahaifiyata yake, ba ya yabon abu a gaban mai shi.

Da na ce ina neman digiri na biyu a wata babbar jami'a ta Ingila, sai ya tambaye ni ko na farkon ya ɓace ne. Na yi ta bayani: can ba su cika ɗaukar irinmu 'yan jami'ar gwamnati ba, don gani suke ajinmu ya cika, babu malamin da ya san ɗalibinsa. Dole sai da wasiƙun malamai uku, kowace a rufe da hatimi, su isa kafin wata ya ƙare. Na sha wuya kafin na haɗa su.

Ina koyarwa a Ikara lokacin, shi kuwa duk mako yana kai mazarƙwaila Zariya. Ni da gangancina na ba shi ambulan ɗin wasiƙun ya jefa mini a gidan waya.

Bayan kwana takwas na je gaishe shi, na tarar da ambulan ɗina a kan rumbu yana shan rana, kiyashi sun yi masa baƙi. Ashe Kawu ya ga bai dace a roƙi manya hannu rabbana ba. Ya farke, ya cusa curin mazarƙwaila biyu da goro, ya ɗaure da igiya. Zafin mota ya narkar da ita, ta ɓata wasiƙun, ma'aikacin gidan waya ya ƙi karɓa, Kawu ya faɗa masa ba shi da tarbiyya, ya dawo gida yana shanya.

"Kawu, ka kashe ni!" Haka na ce, da ƙarfi, a gaban matansa.

Ya ce, "Iro, mazarƙwailar dahuwar farko ce fa, ba a taɓa ko ɗanɗana ta ba."

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Malamai biyu suka sake rubutawa. Na ukun, wani farfesa mai tsauri, ya ce shi ba ya rubuta abu sau biyu. Saura kwana goma, na koma Ikara na fid da rai.

Ban sani ba Kawu ya hau kekensa ya tafi Zariya. Ya shimfiɗa buzu a ƙofar ofishin mutumin. Duk fita, duk shiga, sai ya miƙe ya gaishe shi tun daga farko: gida, iyali, gajiya, aiki, damina, mutanen garinsu. Bai roƙi komai ba. A kwana na uku farfesa ya fito da wasiƙa a rufe, ya ce don Allah Baba ya tafi gida.

Da amsa ta zo sun ɗauke ni, na kai masa da gudu. Ko murmushi bai yi ba.

"Da an bar mazarƙwailar, da sun amsa tun da wuri."

Na yi niyyar ba shi haƙuri kan tsawar da na yi masa, girman kai ya sa na ce sai na dawo. Ina shekara ta biyu a can wasiƙar rasuwarsa ta same ni. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini abin da bakina ya faɗa masa.