Kirinjijiya a Bakin Turmi

Akwai wani hantsi a wani ƙauye na ƙasar Auyo da ba na jin zai fita daga raina ko da na tsufa na rikice. Shekaru sun ja, amma duk sanda na tuna shi sai na yi hamdala.

'Yata ta fari da in'ina ta tashi. Ni kuwa tun ina sakandare Allah ya ɗora mini son daɗin kalma. Ina cikin wanke-wanke sai in riƙa maimaita yayyafi, marmaro, lallausa, ni kaɗai, don kawai yadda suke kwanciya a baki. Sai ga shi an ba ni 'yar da kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito.

Tana shekara tara aka tashe ta karatu a aji, ta maƙale a kalmar farko. Yara suka kwashe da dariya, da aka tashi kuma suka biyo ta har bakin layinmu a Haɗeja suna kwaikwayonta. Daga ranar ta rufe bakinta. Sai ɗaga kai, sai girgiza kai, sai nuni da yatsa. Muka je asibiti aka ce lafiyarta ƙalau. Muka yi addu'a, aka yi mata rubutu ta sha. Wata biyu cur ban ji muryarta ba. Abin da yake sa ni kuka a kan sallaya shi ne kada shirun ya yi mata daɗi ta zauna a cikinsa har abada.

Saboda tausayi sai na zama bakinta. Dama tun tana ƙarama in ta fara magana ni nake ƙarasa mata, don kada ta wahala. Yanzu kuwa ko gaisuwa muka je ni nake gaisar mata da mutane. A lokacin gani nake gata nake yi mata.

Da aka yi hutu, daidai kaka, mahaifinta ya ce mu je mu kwana biyu wajen Gwaggo, yayar mahaifina, wadda sunanta aka sa wa yarinyar. Mota ta sauke mu a Auyo, babur ya kai mu bakin ruwa, muka ƙarasa a kwale-kwale don ruwa bai gama janyewa daga fadama ba.

Muna zama Gwaggo ta dubi yarinyar ta ce, "Takwara, me za a dafa miki?"

Na yi caraf na ce, "Dambu take so, Gwaggo."

Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. "Ikon Allah. Yaushe kika zama takwarar tawa ban sani ba? 'Yar fari ce fa, 'yar nan, ko kunya ba kya ji, kin manne mata kamar kaska."

Na yi dariyar yaƙe, amma maganar ta sosa ni. A raina na ce tsohuwa ba ta san abin da muka sha ba.

Gwaggo manomiyar shinkafa ce. Ta sayarwa takan kai inji, amma ta ci a gida ba ta yarda, wai inji yana kakkarya ta. Sai ta turara, ta shanya, da hantsi maƙwabtanta mata biyu su shigo a casa a turmi. Suna da wani wasa da ta ce a wajen mahaifiyarta ta gada. In ana lugude, duk wadda taɓaryarta ta sauka sai ta jefo kalmar da ta fi yi mata daɗi a baki. Ba waƙa ba ce, ba a neman ma'ana, daɗin faɗa kawai. Wadda ta rasa abin cewa ita za ta sheƙe ƙaiƙayi.

Ranar farko aka miƙo mini taɓarya, aka ba yarinyar wata 'yar ƙarama. Gwaggo ta buga ta ce, "Malala!" Ta kusa da ita, wata doguwa mai fara'a, ta ce, "Tarwaɗa!"

"Ke dai kullum cikinki," in ji Gwaggo.

"To ai da daɗi a faɗa, da daɗi a miya."

Ɗayar ta ce, "Balbela!" Ni kuma da na tashi burge su sai na ce, "Sakankancewa!" Kafin in kai ƙarshenta taɓarya biyu sun sauka, lugude ya watse.

"'Yar boko kenan," Gwaggo ta ce tana share hawayen dariya. "Wannan ai sai an haɗa mata turmi biyu."

Da zagaye ya zo kan yarinyar, ta buga taɓaryarta ba ta ce komai ba. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Gwaggo ta wuce da tata kalmar kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya lallashe ta, ba wanda ya ce ta sheƙe ƙaiƙayi. Haka aka yi ranar, haka aka yi washegari. Sai dai a rana ta biyu na lura leɓenta yana motsi a bayan kalmomin mutane. In an ce rugugi sai in ga ta ɗanɗana shi a ɓoye.

A rana ta uku muna tsakiyar aiki sai wani garken tsuntsaye ya ratsa ta saman gidan, masu kama da ƙananan agwagi, suna wani siririn fito kamar yara sun sami usur. Yarinyar ta ɗaga kai ta bi su da kallo har suka ɓace. Gwaggo ba ta ko dube ta ba ta ce, "Kirinjijiya ke nan, sun taso daga fadama." Aka ci gaba. Malala ta wuce, gurasa ta wuce, walƙiya ta wuce, na faɗi tawa. Taɓaryar yarinyar ta sauka, sai na ji wata 'yar murya a dishe ta ce, "Ki..."

Ta sake cewa, "Ki... ki..." Wuyanta ya ɗaure, idonta ya rufe, irin yadda na sani. Kalmar tana kan harshena, saura kaɗan in sake ta. Gwaggo ta watso mini wani kallo, ta ce a hankali, "Kika buɗe bakin nan, ke da kwale-kwale yau."

Na haɗiye. Wallahi ban taɓa haɗiye abu mai nauyin wannan ba.

Abin da matan nan suka yi shi ne har gobe nake yi musu addu'a a kansa. Ba su tsaya sun zuba mata ido ba. Sai suka rage sauri, suka daidaita bugunsu da ita. Ta ce ki, taɓarya ta ce dim. Ta ce ki, wata ta ce dim. In'inar da aka yi wa dariya a aji sai ga ta ta zama kiɗa, har doguwar nan tana rausaya kai. Ban san sau nawa aka yi ba. Can sai kalmar ta ɓalle gaba ɗayanta, ta gangaro kamar an kwance ta: "Kirinjijiya!"

Doguwar ta rangaɗa guɗa. Gwaggo kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta ce, "Kai, takwara, wannan ta fi tawa. Ara mini ita gobe." Aka zagayo kaina, ni kuwa kuka nake, taɓaryata ta sauka ba kalma.

"Ta rasa!" in ji Gwaggo. "A ba ta faifai."

Ina sheƙe ƙaiƙayi a gindin katanga, hawaye na haɗuwa da ƙura a fuskata, sai yarinyar ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta ce, "Umma, ina s... s..."

Hali mugun abu. Na ce, "Ruwa kike so?"

Ta girgiza kai, ta riƙe gefen zanina. "Ki b... bari in ƙarasa."

Na ajiye faifan na zauna a ƙasa, na jira. Ta ɗauki lokacinta. Ashe so take a kai ta ta ga inda tsuntsayen suke sauka. Na tambayi kaina sau nawa a shekara tara ta nufi wani abu na ba ta ruwa, ta karɓa ta sha don ta hutar da ni.

Da la'asar muka bi Gwaggo bakin fadama. Muka sami tsuntsayen birjik a cikin bado, yarinyar tana ta tambaya, Gwaggo ba ta amsawa sai ta ga ta dire.

In'inar ba ta rabu da ita ba, kada in yi ƙarya. Yau ta girma, tana da nata 'ya'yan, kuma har yanzu takan maƙale. Amma ba ta sake rufe baki ba, kuma in ana hira a gidanmu ita ce mai labarin da ake mutuwa da dariya. Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa Aljanna makoma, ita da matan nan biyu in sun riga mu.

Na je ƙauyen ina ganin ba wanda ya kai ni sanin daɗin magana, na dawo na san harshe kyauta ce da Allah yake raba wa kowa da irin tafiyarsa. Abin da na koya shi ne, wani tausayin ƙwace ne. In mutum ya fara magana, yaro ne ko tsoho, mai sauri ne ko mai jan ƙafa, maganarsa tasa ce, haƙƙinsa ne a jira shi har ya ajiye ta da kansa. Alhamdu lillahi da aka koya mini wannan tun 'yata tana da sauran abin da za ta faɗa mini.