Rumbun Kaka a Saman Silin

Ƙamshin sabon katako ne ya mayar da ni Glenwood, tsohuwar unguwarmu a nan ƙasar waje. Jiya kafinta ya fasa silin ɗin gidana zai sa tsanin nan da ake jawowa da igiya, garin katako ya zubo mini a gyale, sai na gan ni ƙaramar yarinya a tsohon gidan da Baba ya saya.

Shekarar da Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga gida, ta ƙi kwance kayanta. Akwatinta na bayan ƙofa, kullum tana cewa da sanyi ya shigo za ta koma. Ni kuwa a jikinta nake barci, ina shaƙar turaren wuta a zanenta, ina roƙon Allah kada ganyen bishiyoyi ya yi ja, don a nan shi ne alamar shigowar sanyi.

"Inna, me gidan nan ya rasa?" in ji Baba.

"Rumbu. Gidan da ba rumbu ai masauki ne. Ku da sai tukunya na kan wuta kuke rugawa kanti!"

Ran Asabar Baba da Kawu suka yanka silin da zarto don yi mata rumbu a samansa. Kawu ya tallabe tsanin da ka yana ihun wuyansa zai karye, Baba na buga ƙusa yana cewa saura kaɗan. Da aka ja igiya, tsanin ya sauko a hankali kamar raƙumi zai durƙusa.

Kaka ba ta taɓa hawa ba, gwiwa ta hana. Ni take turawa da gero da kuka da daddawa. Sai na yi bisimilla kafin in hau, in na sauko kuma ba a cewa abu ya kusa ƙarewa, sai dai a ce da albarka. A can sama haske na shigowa ta 'yar taga, ƙura na yawo cikinsa kamar zinariya, nakan zauna har a kira ni.

Kurege ya ɓarnatar da geron, ba ta damu ba. Ran da ganye ya fara zuba ta kira ni.

"Ke, ce wa ubanki ya kai akwatin nan rumbu. Yana tare mini hanya."

Baba ya hau da shi, ya daɗe bai sauko ba.

A jar ƙasar garin nan aka binne ta. Yau da na ce wa yarana mun yi rumbu, da Turanci suka tambaya ko nan za a jibge tsofaffin kekunansu. Na ce e. Akwatin Kaka dai ni zan hau da shi da kaina.